Shaidar Inna

Shekara goma sha ɗaya Mantau ta yi a kantar karɓar kaya ta wani ofishin aika saƙo, ba wanda ya taɓa kai ƙararta. A tsaye take wuni. Ta auna wannan kwali, ta liƙe bakin wancan, ta amsa wa mai tambaya, ta yi wa ɗan wata wasa, duk a numfashi ɗaya, kafin ka ankara layi ya ƙare. Sai wani mai hikima a babban ofis ya ga cewa mace mai ƙwazo irin wannan ai ta cancanci kujera. Aka ƙara mata girma, aka kai ta ɗakin baya, aka ajiye mata tebur da kwamfuta da tulin takardu, aka ce daga yau aikinta shi ne shigar da adireshi da lambar kowane kaya. Ɗakin ba taga, ba mai shigowa, sai wata tsohuwar fanka da ke wuni tana kaɗa kai.

Cikin wata bakwai ta karɓi takardar gargaɗi uku. Ba wai ba ta iya aikin ba ne. Layi goma na farko takan shigar da su tsaf. A na sha ɗaya sai ta ji an yi dariya a waje, ko ta tuna ba ta kwashe shanya ba, ko ta tsinci kanta tana gyara aljihun teburin da ba wanda ya sa ta, in ta dawo kan kwamfutar kuwa ta rasa inda ta tsaya. Gargaɗi na ukun a kan kwalin maganin wani tsoho ne. Ta juya lamba biyu, kwalin ya tafi wani gari can, sai da ya kwana takwas yana yawo kafin ya dawo. Ɗan tsohon ya zo ya yi musu tas a gaban jama'a, kuma da gaskiyarsa.

Manaja ya kira ta ofishinsa ranar Litinin. Ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne kawai, irin wanda ke cire tabarau ya murje ido kafin ya yi magana.

"Wallahi ba na son in sa hannu a takardar korarki," ya ce. "Amma ranar Juma'a dole in aika rahoto. Ƙa'idar a fili take. In likita ya rubuta cewa akwai dalili na lafiya, sai in nemi a mayar da ke kantar karɓar kaya, inda kowa ya san kin fi ƙarfin aikin. In babu takarda, to sakaci ne, sakaci uku kuwa kin san sauran."

"Na sani, yallaɓai."

"Kin ce kina ganin likita. Ki kawo mini abin da zan riƙe, don Allah. Ko layi biyu ne."

Gaskiya ne tana ganin likita. Tun bayan gargaɗi na biyu ta kai kanta asibiti, don ta fara tsoron ko ƙwaƙwalwarta ce ke lalacewa tun tana shekara talatin da tara. Likitar mace ce, mai magana a hankali, ba ta gaggawa ko da layi ya kai bakin ƙofa. Ta sa an auna jininta, ta tambaye ta barci, ta tambaye ta ko tana cikin damuwa, ta ba ta takardun tambayoyi masu shafi-shafi ta cike. A zuwa na biyu ta ce mata ƙwaƙwalwarta lafiya lau. Abin da take zato larura ce ta ƙarancin natsuwa, wadda ke sa mutum ya kasa tsayar da hankalinsa a kan abu ɗaya, ya yi ta mantuwa, zama wuri ɗaya ya zame masa azaba.

"Sai dai wannan larura ba ta faɗo wa mutum da girmansa," in ji likitar. "Tun yarinta take. Kafin in rubuta, ina buƙatar wanda ya san ki kafin ki kai shekara sha biyu. Ko kuma takardun sakamakonki na firamare, in ga abin da malamai suka rubuta."

Takardun firamare kam ba sai an tambayi wa ya ɓatar da su ba. Babanta ya rasu da daɗewa, ƙannenta kuma a lokacin ba su san hannun damansu ba. Saura Inna, mahaifiyarta.

Da ta ji haka sai ranta ya yi sanyi, har ta kusa dariya. In dai lissafa laifin Mantau ne, Inna ba ta buƙatar a roƙe ta. Ita ce ma ta raɗa mata sunan tun tana 'yar shekara bakwai, ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya bi ta wurin aiki, har 'ya'yanta sai da suka yi wayo suka san tana da wani sunan. Shekara talatin Inna tana ba baƙi labarin tukwanen da aka ƙona da takalman da aka bari a makaranta. Ga shi yau a karon farko za a saurare ta da alƙalami a hannu.

Ranar Laraba da safe ta je ɗaukar ta. Ta tarar Inna ta ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto, ta fito da mayafin da ba ta sa shi sai da dalili. Mantau ta yi niyyar yi mata bayani a mota, tun daga kan gargaɗin har zuwa Juma'a. Ta ma fara. Sai Inna ta ce ƙafarta ta hagu na damunta, daga nan aka koma zancen takalmi, daga takalmi aka koma kan wata maƙwabciya da ta tashi, kafin a dawo kan maganar sai ga ƙofar asibiti. Abin da Inna ta sani kawai shi ne likita na son jin yadda 'yarta take tana ƙarama.

Sun yi awa biyu da rabi a kan benci. Mantau ta tashi ta zauna ya fi sau goma, ta karanta duk takardun da ke manne a bango, ta taya wata mata riƙon jariri. Inna kuwa ko motsi, ta ɗora hannu bisa jaka tana kallon ƙofa.

Da aka kira su, likitar ta miƙe ta gaishe da Inna, ta ja mata kujera.

"Mama, sannu da ƙoƙari. Tambayoyi ne 'yan kaɗan, ba wata amsa da ta fi wata. Lokacin da take firamare, takan ɓatar da kayanta? Littafi, fensir, irin waɗannan?"

"A'a," in ji Inna. "Yarinya ce mai tattali."

Mantau ta juyo ta dube ta.

"In kin aike ta fa, takan manta abin da aka aike ta?"

"Ko sau ɗaya. Kafin ka rufe baki ta je ta dawo."

"Malamai sun taɓa kuka da ita? Cewa ba ta saurare, ko hankalinta na wani wuri?"

"Su malaman? Ai sonta suke yi kamar me. Kullum yabo."

"Aikin gida na makaranta fa, takan zauna ta gama?"

"Tsaf. Ba sai an ce mata ba."

Haka aka yi ta yi har tambaya goma sha takwas. Inna na amsawa a natse, murya ba rawa, tana zana wata yarinya da Mantau ba ta taɓa haɗuwa da ita ba, mai hankali, mai tsabta, wadda ba ta katse babba in yana magana. Likitar na rubutu, alƙalamin na ƙara yin sannu.

"Inna," Mantau ta ce, "to wa ya sa mini Mantau?"

"Sunan wasa ne. Wane gida ne ba a yi?"

Likitar ta ajiye alƙalami. Ta dubi uwar, ta dubi 'yar, da alama ba yau ta fara ganin irin wannan ba. Ta ce ba ta ƙaryata kowa, amma ba za ta iya sa hannu a kan abin da shaidar da ke gabanta ta musanta ba. In akwai wata goggo ko wani tsohon malami, a nemo, sai a sake zama. Ta duba littafinta ta ce akwai wuri nan da mako uku.

Suka fito. Mantau ba ta yi faɗa ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta sami ƙarshen bencin da suka tashi a kai ta zube, ta jingina kai da bango. Gajiyar da take ji ba ta wunin nan ba ce. Ta gaji da neman mabuɗi kowace safiya, ta gaji da ba da haƙuri, ta gaji da rantse wa kanta cewa daga gobe za ta gyara. Sau ɗaya tak ta buƙaci a faɗi aibinta, ranar ce kuma aka ga damar yabonta.

Inna ta zauna kusa da ita tana gyara mayafi.

"Kin ga na fitar da ke," ta ce ƙasa-ƙasa. "Irin tambayoyin nan, ai tarko ne. So suke a rubuta a takarda 'yata na da taɓin hankali, ya bi ki har 'ya'yanki. Ni da raina? Abin da na faɗa a cikin gida na cikin gida ne. Ba zan tsaya gaban bare in tona miki asiri ba."

"Ba taɓin hankali ba ne, Inna."

"To mene ne?"

"Korata za a yi jibi."

Sai a lokacin ta yi bayanin da ya kamata ta yi a mota. Ta faɗi ɗakin baya da kwamfuta, ta faɗi kwalin maganin tsohon, ta faɗi abin da Manaja ya ce. Ba ta ɗaga murya ba, idonta ma a rufe yake. Ta ce takardar likitar ce kaɗai ta rage mata, takardar kuwa a bakin Inna take.

Mantau ta ɗauka Inna za ta zabura ta ce to a koma, tunda yanzu ta gane. Ba ta zabura ba. Ta zauna tana murza hannun jakarta, tana kallon tayil ɗin ƙasa, har mutum uku suka shiga wurin likitar suka fito.

"Ita wannan larurar," ta ce can, "tun yaushe ta ce ana samunta?"

"Tun yarinta."

"Ba mutum ne ke sa wa kansa ba? Ba taurin kai ba?"

"Haka ta ce."

Masu jira suka yi ta raguwa. Mai shara ta zo ta ce su ɗaga ƙafa, suka ɗaga. Da mara lafiya na ƙarshe ya fito, likitar ta leƙo da jakarta a kafaɗa za ta tafi, sai Inna ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Likita, ki yi haƙuri. Ɗazu ƙarya na yi miki."

Likitar ta dubi agogo, ta sauke jakar, ta buɗe musu ƙofa.

Wannan karon ba a ma yi tambaya ba. Inna ta fara tun daga aji ɗaya. Fensir bakwai a zango guda. Takalmi ƙafa ɗaya, sau huɗu. An aike ta sayen sabulu ta dawo bayan awa biyu hannu wofi, ta tsaya kallon masu gyaran famfo. Ta je da ƙanwarta shago ta dawo ita kaɗai, sai da mai shagon ya rako yarinyar. Malamar aji uku ta ce jikinta ne kawai a aji, ita tana can wani wuri. Malamin aji biyar ya ce ta fi kowa kaifin kai, ta kuma fi kowa barin jarrabawa rabi. Ba ta iya jiran a gama magana, ba ta iya zama a kan tabarma ba ta yi ta mutsu-mutsu ba. Inna ta riƙe komai da shekararsa da sunan malaminsa, likitar har sai da ta juya shafi.

"To Mama, a lokacin me kuka yi a kai?" likitar ta tambaya, don tana son jin ko an taɓa kai ta wani asibiti.

Inna ba haka ta fahimci tambayar ba, ko kuma haka ta ga damar fahimtarta.

"Duka," ta ce. "Na dake ta da takalmi, na dake ta da igiyar shanya. Da na ga duka ba ya yi, sai na koma ɗaure ta. In za ta yi aikin makaranta, sai in ɗaure ƙafarta a ƙafar tebur da ɗankwalina, in ce ba za ta tashi ba sai ta gama. Wata rana tun la'asar har a kira magariba tana nan. In na dawo sai in tarar ta yi layi biyu, ta zane bayan littafin da furanni, tana kuka. Sai in ƙara mata. Na hana ta abinci ma, ba sau ɗaya ba. Tun tana aji biyu har ta gama firamare."

Mantau ta sunkuyar da kai. Ta manta fensiran, ta manta sabulun, amma ƙafar teburin nan ba ta taɓa mantawa da ita ba. Ba su dai taɓa zancen ba, ita da Inna, ko sau ɗaya.

"Ni na ɗauka raini ne," in ji Inna. "Yarinya mai wayo haka, a ce ba ta iya riƙe saƙo ɗaya? Na ce da gangan take yi."

Likitar ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta ce iyaye da yawa haka suka ɗauka, musamman a kan 'ya'ya mata, don su ba kasafai suke haura bango kamar maza a gane ba, sai dai a ce musu sakarkaru ko malalata. Sannan ta juya ga Mantau. Ta ce da abin da ta gani a zuwa biyun farko da wannan shaidar, yanzu ta gamsu. Larurar ba ta warkewa kamar zazzaɓi, amma ana sarrafa ta. Akwai magani da za a fara da kaɗan, bayan an auna hawan jininta da bugun zuciya, a ga yadda zai karɓe ta, don wasu yana rage musu cin abinci ko barci. Maganin kuma ba shi kaɗai ba ne. Za ta haɗa ta da wani ma'aikaci da zai koya mata dabaru: rubuta abu nan take, sa ƙararrawar waya, yanka aiki gunduwa-gunduwa, ajiye mabuɗi wuri ɗaya ko ana ruwan wuta. Ta ce kada ta sa ran za ta wayi gari ta zama wata mace dabam.

Ta jawo takarda mai tambarin asibiti ta rubuta layi shida, ta sa hannu, ta buga hatimi. Ta rubuta cewa ma'aikaciyar na da larurar da ke sa dogon aikin zama ya yi mata wuya, kuma tana ba da shawarar a mayar da ita aikin da ake yi a tsaye, ana hulɗa da jama'a. Mantau ta karɓa da hannu biyu. Ta zaci za ta ji daɗi, sai ta ji kawai tana son ta kwanta.

Suka taka a hankali zuwa inda ake jiran mota, saboda ƙafar Inna. Rana ta yi sanyi, 'yan makaranta sun cika titi, masu shaguna na yayyafa ruwa a ƙofa. Suka sami dakalin siminti suka zauna. Mantau ta kira Manaja ta ce ta samu, gobe da safe za ta kawo. Ya yi ajiyar zuciyar da ta ji ta cikin waya, ya ce ta kyauta, Litinin ta koma kantar karɓar kaya.

Inna ta ji komai, amma ba ta ce an gode Allah ba. Ta tsufa a wunin nan fiye da yadda ta tsufa a shekara biyar.

"Ke," ta ce, ba tare da ta dube ta ba. Ta buɗe baki za ta kira sunan da ta saba, sai ta haɗiye shi. "Ina tambayarki. Lokacin da nake ɗaure ki ɗin nan. Wato ko kin so ki gama, ba za ki iya ba?"

Amsar da ta dace tana nan a bakin Mantau, wadda kowace 'ya ke ba uwarta: ya wuce, Inna, ai gyara ne, wa ba a daka ba. Ta san in ta faɗa, Inna za ta karɓa, su hau mota, a koma zancen takalmi. Amma ta gaji ƙwarai, kuma yau an riga an yi ƙarya ɗaya don a rufa asiri, ta ga inda ta kusa kai su.

"Na so in gama, Inna," ta ce. "Kullum sai na so. Ina jin tafiyarki kina dawowa, in ce wa kaina yi sauri, yi sauri, sai in duba in ga layi biyu ne."

Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta ja bakin mayafi ta rufe fuskarta. Motarsu ta zo ta tsaya, mutane suka yi ta turereniya har ta cika ta tafi, ba wadda ta tashi a cikinsu.